Babi na Bakwai: Giwa da Gizo a Tebur Ɗaya

Duk wasannin zaune da aka saba da su a Kafanchan a kan ƙa'ida ɗaya aka gina su, wato a fara daidai wa daida. Masu buga draft a gindin mangwaro kowa da ƙwayoyinsa 20 a kan allo mai gida 100. A ludo kowa 'ya'ya huɗu gare shi, kuma ko ɗan sarki ne ba ya fita daga gida sai ya jefa siki. A dara 12 ne nan, 12 ne can. A Whot ana raba kati daidai, in ya so daga baya wani ya sha fik tu, wani a tura shi janar maket. Wanda ya tashi da irin wannan tarbiyya, in aka ce masa akwai wasan da mutum biyar za su zauna a tebur ɗaya, a ba wannan jarumin da ya gagari runduna, a ba wancan yaron da akuya ma za ta iya turewa, zai ce wannan ai zalunci ne tun ba a jefa dayis ba. Ni kuwa ina ganin ba lallai ba ne. Abin da ya wajaba a raba daidai a irin wannan wasa shi ne damar da kowane mai wasa yake da ita ta yanke shawarar da za ta juya labari. Ƙarfin taurarin da suke riƙe da su yana iya bambanta ƙwarai ba tare da an cuci kowa ba, muddin an kiyaye wancan rabon.

Wasan kwaikwayo na kan tebur bai yaɗu a garuruwanmu kamar ludo ba, saboda haka sai an faɗi yadda yake. Mutum uku zuwa shida sukan zauna, kowa da takarda ɗauke da bayanin tauraronsa: sunansa, sana'arsa, abin da ya iya, da makin ransa, wato yawan dukan da zai iya sha kafin ya faɗi. Mutum ɗaya ba shi da tauraro, shi ne jagoran wasa. Shi yake bayyana inda ake da abin da ke faruwa, shi yake magana da bakin duk wanda aka haɗu da shi a hanya. Mai wasa ya ce tauraronsa zai haura katanga, jagora ya ce to jefa dayis, lambar da ta fito a haɗa ta da gwanintar da ke rubuce a takarda, in ta kai abin da ake nema an haura, in ba ta kai ba an zame. Wanda ya fara fitowa kasuwa shi ne Dungeons & Dragons, da Gary Gygax da Dave Arneson suka wallafa a Amurka a 1974, ta hannun wani ƙaramin kamfani mai suna TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin. Babban abin da ya raba shi da draft shi ne masu wasan ba junansu suke nema su kayar ba. Ayari ɗaya ne, matsala ɗaya suke fuskanta, kuma ba a tashi a ce wane ne ya ci.

Rashin daidaito kuwa tare da wasan aka haife shi. A bugun farko, matsafi a mataki na ɗaya sihiri guda tak yake iya yi a yini, yana gamawa ya zama kaya, sai ya laɓe a bayan mayaƙi. Mayaƙi yana buƙatar maki 2,000 kafin ya hau mataki na biyu, matsafi 2,500, mai addu'a 1,500. To amma in matsafin ya yi tsawon rai, sai ranar ta zo da yake tashi sama, yana narkar da runduna da kalma ɗaya, mayaƙin kuwa har yanzu saran takobi yake yi, sai dai ya fi da iya saran. Ga kuma al'adar da tebura da yawa suke bi a wancan zamani, cewa wanda tauraronsa ya mutu sai ya koma mataki na ɗaya ya bi abokansa da suka yi nisa. Lissafin abin ba shi da wuya. Dayis ɗin da aka fi amfani da shi fuska 20 gare shi. In ana neman 15, mai ƙarin 7 yana buƙatar ya jefa 8 ko sama, wato zai dace sau 65 cikin 100. Mai ƙarin 1 sai ya jefa 14 ko sama, sau 35 cikin 100. Wannan tazara ce da ake iya zama da ita, domin ƙaramin yana dacewa sau ɗaya cikin uku, babban kuma yana kuskurewa sau ɗaya cikin uku. Amma a bugu na uku, na shekarar 2000, ƙarin da mayaƙi ke samu wajen kai sara yana tashi daga 1 har zuwa 20. In jagora ya kawo dodon da sai da 25 ake taɓa shi don babban ya ji ya yi aiki, ƙaramin zai wuni yana jefa dayis a banza. In kuma ya kawo wanda ƙaramin zai iya, babban ya gama da shi kafin a juyo kan kowa.

Masu kamfanin sun gwada maganin da ya fi saurin zuwa zuciya, wato a aske kowa ya zama tsayi ɗaya. Bugu na huɗu, na 2008, ya ba kowane irin tauraro kusan adadin dabaru ɗaya a tsari ɗaya, wasu ana yin su kullum, wasu sau ɗaya a kowane faɗa, wasu sau ɗaya a yini. Ta fuskar lissafi aikin ya yi kyau, kuma har yau akwai masu yabonsa. Sai dai masu wasa da yawa sun koka cewa matsafi da mayaƙi sun zama abu ɗaya da riga daban, kuma da dama daga cikinsu suka koma Pathfinder, wanda kamfanin Paizo ya fitar a 2009 a kan tsohon tsari, da duk karkatarsa. Ba zan ce daidaito kaɗai ne ya kore su ba, akwai wasu dalilan kasuwa. Amma abin lura ne cewa bugu na biyar, na 2014, ya maido da bambancin taurari, ya dai matse tazarar lambobi, ta yadda ƙarin gwaninta daga 2 yake farawa ya tsaya a 6 ko da an kai mataki na 20. Shekara 40 ta ɗauke su kafin su gane cewa mutane suna son giwa ta zama giwa, abin da ba sa so shi ne a ce sauran dabbobin dawa 'yan kallo ne.

Wannan kuwa abu ne da mai tatsuniya ya sani tun kafin a ƙera dayis. Gizo ba ya iya ɗaga ƙafar giwa, amma shi ya ɗaura mata igiya, ya kai ɗaya bakin wa dorina a ruwa, kowacce tana ja tana zaton da Gizo take ja. Ba yaron da ya taɓa sauraron wannan ya ce an cuci Gizo da aka yi shi ƙarami, domin kowane juyi na labarin daga shawararsa yake fitowa. A langa ma ba a ɗauki kowa ɗaya ba. Akwai ruwa, wanda shi ake so ya kai ya sha, akwai dawakin da ke tare masa hanya suna karo da na ɗaya ɓangaren, kuma doki da ya ture mutum biyu bai koma gida yana jin an bar shi a baya ba. A wasan kalankuwa na ƙauyukan ƙasar Hausa, bayan an kai amfanin gona gida, samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, wani kuma ya fito a matsayin wanda ake tuhuma, kuma sau da yawa shi wannan na ƙarshen ne yake kwashe dariyar dandali. Ɗaya daga cikin littattafan da suka yi tasiri a kan masu ƙirƙirar waɗannan wasanni na Turawa, The Lord of the Rings na Tolkien, wanda ya fito a 1954 da 1955, ayarinsa ya haɗa babban matsafi Gandalf da wasu 'yan gajerun mutane da ba su taɓa riƙe takobi ba, kuma nauyin da labarin duka ya rataya a kai a wuyan ɗaya daga cikin gajerun yake.

A ɗauka wasu matasa huɗu a Kafanchan sun zauna da yamma, jagoransu ya shirya labarin wata damisa da ta addabi awaki a gindin dutsen Kagoro, inda har yau maharba ke fitowa da kwari da baka ranar bikin Afan, 1 ga Janairu. Ɗaya ya ɗauki sarkin baka da aka gayyato daga nesa, mai ƙarin 7 da makin rai 60. Wata ta ɗauki yaron da ke riƙe masa gora, mai ƙarin 1 da makin rai 8. In duk abin da jagora ya tanada shi ne a hau dutse a harbi damisa, mai riƙe da yaron za ta yi awa uku tana danna waya. Amma a ce tsohuwar da ta ga inda damisar take bi ba ta jin Hausa sosai, yaron kuwa uwarsa 'yar wurin ce. Tsohuwar ta gaya masa cewa awaki biyu daga cikin biyar ɗin ba damisa ce ta ɗauke su ba, ɗan mai unguwa ne ya kai su kasuwa. Yanzu sarkin baka ya juyo ya ce, “Kai yaro, me Kaka take cewa?” Sai tebur ya yi tsit, kowa ya zuba wa mai riƙe da yaron ido. Tana iya cewa, “Baba, cewa ta yi ta bayan rafi take bi,” ta haɗiye sauran. Tana iya fasa ƙwan a gaban mai unguwa. Tana iya jira sai dare ta raɗa wa maigidanta. Ba dayis ɗin da aka jefa, ba kibiyar da ta tashi, amma duk abin da zai faru a sauran zaman daga bakinta zai fito. Sarkin bakan kuma ƙarfinsa na nan, shi zai tsaya gaban damisa in lokaci ya yi. Sai dai sunansa ya riga shi isa ko'ina, ba ya iya zama a bakin rijiya ya ji gulma, kuma ya ci abincin mai unguwa, ga kunya ta ɗaure masa baki.

Akwai wasannin da suka mayar da wannan dabara doka a rubuce, ba su bar ta ga basirar jagora ba. Ars Magica, na Jonathan Tweet da Mark Rein-Hagen, ya fito a 1987 ya ce ƙarara matsafa sun fi kowa ƙarfi, ba za a ɓoye ba. Sai ya sa kowane mai wasa ya ƙirƙiri matsafi ɗaya da kuma abokin tafiya wanda ba shi da sihiri, ga kuma barori da masu gadi da kowa ke iya ɗauka. Yau kai ne matsafi ni ne mai riƙe maka jaka, mako mai zuwa mu juya. Wasan da aka gina a kan shirin talabijin na Buffy a 2002 ya bi wata hanyar. Jarumai suna farawa da maki 10 na juya labari, abokansu marasa ƙarfi da 20, kuma da waɗannan maki ake sayen sa'a: a ce sandar da ake nema tana bayan ƙofa, ko dukan da aka sha bai kai yadda aka zata ba. Na shirin Doctor Who, wanda Cubicle 7 suka fitar a Ingila a 2009, ya taɓa jerin wanda zai fara motsi in rikici ya tashi. Mai magana ne farko, sai mai gudu, sai mai wani aiki, mai faɗa shi ne na ƙarshe. Da wannan 'yar doka kaɗai, mai baki ya sami damar kashe wuta kafin mai bindiga ya ɗaga hannu.

Mai suka zai ce duk wannan daɗin baki ne, domin yawancin shafukan dokokin Dungeons & Dragons a kan faɗa suke, faɗa ɗaya kuma yana iya cin awa guda, kuma a cikin wannan awa yaro mai gora ba shi da abin yi sai addu'a kada a taka shi. Wannan suka tana da gaskiya, kuma ita ce ta nuna iyakar maganata. Tazarar ƙarfi tana daɗi ne in taurarin aikinsu daban-daban. In mayaƙa biyu ne, ɗaya a mataki na 9 ɗaya a na 2, duk abin da ƙaramin ya iya babban ya fi shi iyawa, to ba hikimar jagora da za ta hana ƙaramin jin shi ƙari ne. Haka nan in mutanen tebur faɗan suke so, lissafin sara da kariya ne ya tara su, gara a daidaita matakai a huta, domin wasansu ya koma dangin draft, kuma draft da ƙwaya 20 a kan 6 ba wasa ba ne. Har ma dabarar tsohuwa mai yare tana da ranar ƙarewa. In kowane mako sai an sami rami da yaro kaɗai ke iya shiga, masu wasa za su gane ana lallashin wani ne, kuma ba wanda yake son a ba shi nasara sadaka. Abin da ke ɗorewa shi ne rauni da ƙarfi su kasance kowanne da farashinsa a cikin duniyar labarin kanta, yadda babba ke da idon jama'a a kansa, ƙarami kuma ke wucewa ba a tambaye shi daga ina ba.

Wata sukar ta fi wannan kaifi, ita ce wa ake ba ƙaramin tauraro. A al'adar tsofaffin tebura baƙo ne ke farawa daga ƙasa, wai sai ya sha wuya kamar yadda na gaba suka sha. Sai rauni biyu su haɗu a kan mutum ɗaya: bai san dokoki ba, bai saba da magana a gaban mutane ba, ga shi an miƙa masa tauraron da sai gwani ke iya fitar da shi kunya. Masu wasan Go na Sin da Japan sun daɗe da warware irin wannan, mai rauni ne ake bari ya fara ajiye duwatsu, har zuwa 9, kafin gwani ya sa hannu. Paul Morphy, gwanin dara ta Turawa a Amurka a shekarun 1850, yakan cire doki ko hasumiya daga nasa ɓangaren kafin a fara. A teburin kwaikwayo ma'anar wannan ita ce a ba baƙo ko mai kunya sarkin baka, wanda ko ya yi kuskure makin ransa 60 zai rufa masa asiri, kuma dole a juyo a tambaye shi. Tsohon hannu, mai surutun da ba ya bari a ji muryar kowa, shi ya dace da gora.

Sukar da ta fi nauyi a wannan yanki ba ta lissafi ba ce. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya tara, tun da ya zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos a 1927. Fantswam da Kaninkon da Bajju da Atyap da Kagoro da Jaba da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa, kowa da harshensa a gida, Hausa ce ta kasuwa da tasha. Kuma tambayar wa ke sama da wa ba wasa ba ce a nan. Turawan mulkin mallaka sun bar al'ummomi da yawa ƙarƙashin masarautun Zazzau da Jama'a, Kagoro da Jaba da Marwa ne suka tsaya da sarakunansu, kuma sai a shekarun 1990 da farkon na 2000 aka ƙirƙiro wa da yawa daga cikin sauran nasu masarautun. Rikicin Maris 1987 da ya taso daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, da na Zangon Kataf a 1992, da na bayan zaɓen 2011, duk akwai masu ɗauke da tabonsu a raye. Mai hankali zai iya tambaya, a irin wannan wuri, ina amfanin zaunar da matasa a ce wannan hakimi ne wancan mai ɗaukar kaya? Ba gara kowa ya zama daidai ko da a takarda ba?

Ban raina wannan tambaya ba, kuma akwai teburin da amsarta ita ce e. In hakimin labari kullum yana hannun yaron da kakansa hakimi ne, mai ɗaukar kayan kuma kullum yana hannun wanda kakansa ya ɗauki kayan, to an daina wasa, an koma maimaita abin da ke waje, kuma gara a tashi. Haka in jagora ya liƙa wa wata ƙabila ta gaske ko wani addini rigar mugu. Amma goge bambanci daga takarda ba ya goge shi daga tebur. Wanda ya fi iya Hausa, ko ya fi shekaru, ko shi ya sayi littafin dokoki, ko namiji ne a cikin mata, zai ci gaba da cinye zance ko da kowa ƙarin 4 gare shi, kuma ba mai lura, tunda lambobi sun ce an yi adalci. Tsarin Ars Magica ya fi wannan gaskiya, domin ya yarda akwai babba akwai ƙarami, sannan ya hana kowa dawwama a kujera ɗaya. Wanda ya yi zama uku yana mai ɗaukar kaya, yana jira a gama magana kafin a tuna da shi, in aka ba shi hakimi a zama na huɗu yakan riƙe shi da wani irin hankali. Wanda kuma ya saba da a saurare shi, zama ɗaya a matsayin yaro mai gora yana nuna masa yawan abin da ake gani daga ƙasa wanda na sama bai san ana gani ba. Ban ce wannan zai sasanta Kudancin Kaduna ba, wasa ne, kuma masu ɗora wa wasa aikin gwamnati da malamai da fastoci suna ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Matsafa da dodannin Turawa ma, waɗanda iyaye a masallaci da coci za su iya ɗaga wa gira, ba dole ba ne. Tashar jirgi a shekarun 1950, da direba da ɗan kamasho da mai sayar da citta da ɗan doka, ta isa labarin wata shida.

Aikin jagora a nan ya fi na alƙalin ƙwallo wuya, domin abin da yake aunawa ba ya cikin littafi. Wasu jagorori sukan ajiye 'yar takarda su riƙa yin alama duk lokacin da shawarar wani ta canza hanyar labari, ba duk lokacin da ya jefa dayis ba. In an kai rabin zama aka ga wani layi babu alama ko ɗaya, sai a san inda za a juya, ko da mai layin shi ne yake riƙe da tauraron da ya fi kowa ƙarfi, domin shi ma yakan zama ɗan kallo in an shafe awa biyu ana ciniki a kasuwa. Kafin a fara labari kuma a zauna a faɗa a fili cewa taurarin nan ba ƙarfinsu ɗaya ba, ga mai 60 ga mai 8, wa yake son wanne, kuma bayan zama nawa za a sake rabo. Wanda ya ce shi bai yarda ba, yana son kowa ya fara daidai kamar a ludo, a ji maganarsa tun kafin a rubuta sunan tauraro a takarda.